Uwargida, Kafin Ki Zuba Kuɗinki a Kwamfutar Tafi-da-gidanka

 

Abin da ya jawo maganarmu ta wannan wata shi ne abin da ya faru da wata maƙwabciyata. 'Yarta ta fari ta samu shiga jami'a, aka ce lallai sai da kwamfutar tafi-da-gidanka, wadda yara ke kira laftof. Baiwar Allah nan ta kwashi adashin da ta yi wata goma tana zubi, maigida ya cika mata, ta ɗauki ƙaninta suka nufi kasuwa. Mai shago ya fito musu da wata siririya mai ruwan azurfa, sai sheƙi take yi kamar sabon faranti. Suka biya suka dawo gida ana ta murna. Ba a yi wata biyu ba yarinya ta bugo waya tana kuka: kafin kwamfutar ta buɗe sai an gama shan shayi, ma'ajiyarta ta cika, kuma manhajar da malaminsu ya ce su sa ta ƙi hawa. Da aka kai wa mai gyara ya ce babu abin da ya lalace, haka aka ƙera ta, ba ta aikin jami'a ba ce, kuma ba a iya ƙara mata komai. Kuɗin wata goma ya tafi a kyan ɗan maciji.

'Yar'uwa, ba don ki zama injiniya nake wannan rubutu ba. So nake ranar da za a yi wannan sayayya a gidanki ki san abin da za ki tambaya, kamar yadda kike sanin atamfa mai zuba da marar zuba tun kafin a yanka miki.

Fara da tambayar aikin da za ta yi

Kafin a je kasuwa, zauna da wanda za a saya wa ki tambaye shi: me za ka yi da ita? A rubuta amsar a takarda. Wannan takardar ita ce za ta zaɓi kwamfutar, domin daidai ruwa daidai tsaki.

Wata ma idan ta rubuta za ta ga ba ta buƙatar kwamfuta ko kaɗan. Idan sana'arki sayar da turaren wuta ce ko kayan yara, kina ɗaukar hoto ki tura wa masu saye ta WhatsApp, wayarki ta wadatar, gara ki ƙara kuɗin a jari. Amma idan akwai dogon rubutu, ko lissafin shiga da fita na shago, ko shirya jarrabawar ɗalibai idan ke malama ce, ko karatu daga gida irin na jami'ar NOUN da matan aure da yawa ke yi, to nan kam waya ba za ta ɗauke ki ba. Haka nan yaron da zai zauna jarrabawar JAMB, wadda tun 2015 ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya, yana da kyau hannunsa ya saba da madannai da linzami tun yana gida, kada ranar jarrabawa ta zama ranar da ya fara taɓa su.

Abubuwa uku da ke cikinta

Ki ɗauki kwamfuta kamar kicin ɗinki. Akwai mai girki, akwai teburin da take baza kayan aiki, akwai kuma sito inda ake ajiye buhunan abinci.

Mai girkin ita ce furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yin aikin. Kamfanoni biyu ne suka fi yin ta: Intel da AMD. Na Intel za ki ji ana cewa Core i3, Core i5, Core i7, na AMD kuma Ryzen 3, Ryzen 5, Ryzen 7. Mai lamba 3 ta rubutu ce da karatu, mai 5 ita ce tsaka-tsaki da ta ishi yawancin mutane, mai 7 ta aiki mai nauyi ce. Ƙasa da waɗannan akwai Celeron da Pentium, waɗanda aka yi domin ƙaramin aiki da sauƙin kuɗi. Idan ɗan jami'a za a saya wa, a tsallake su.

To amma ga inda ake yi wa mutane wayo. Mai shago zai ce miki, "Hajiya, wannan Core i7 ce fa!" Ki tambaye shi: ta wane zamani? Domin kowace shekara ko biyu ana fito da sabon zubi, kuma lambar zubin tana nan rubuce bayan sunan. Idan kika ga i7-4600U, wannan 4 ta farko tana nufin zubi na 4 ne, na wajen 2013. Idan kika ga i5-8250U, zubi na 8 ne, na 2017. Idan lambar ta fara da 10, 11, 12 ko 13, kamar i5-1135G7, to lambobi biyun farko su ne zubin. Wannan i5 ta zubi na 8 ta fi waccan i7 ta zubi na 4 ƙarfi nesa ba kusa ba, kamar yadda budurwa mai jini a jika za ta riga tsohuwar gwanar girki gama tuwon suna. Sababbin da Intel ya fara fitarwa a ƙarshen 2023 kuma suna ɗauke da sunan Core Ultra, su ba su da wannan matsala ta tsufa.

Akwai dalili na biyu da ya sa nake cewa kada ki sauka ƙasa da zubi na 8. Kamfanin Microsoft ya daina ba Windows 10 kulawar da ya saba ranar 14 ga Oktoba, 2025, in ban da ɗan ƙarin wa'adi ga waɗanda suka yi rajista. Windows 11 kuwa, wanda ya fito a 2021, a ƙa'ida ba ya karɓar furosesar Intel da ta gaza zubi na 8. A ɓangaren AMD, idan kika tsaya a kan Ryzen mai lamba 3000 zuwa sama kin huta. Wasu masu gyara suna da dabarar cusa Windows 11 a tsohuwar kwamfuta, don haka ganin sa a kan allo ba hujja ba ne. Lambar furosesar za ki duba.

Teburin aikin shi ne RAM. Idan tebur ƙarami ne, kafin ki yanka albasa sai kin sauke tumatir, aiki ya yi ta jan ƙafa komai ƙwarewar mai girki. Ana auna shi da GB. Mai 4GB a yau wahala ce, shafuka kaɗan za a buɗe a intanet ta fara nishi. 8GB shi ne mafi ƙarancin abin da zan ba ki shawara, 16GB kuma shi ne kwanciyar hankali idan aljihu zai ɗauka. Ki kuma tambaya ko ana iya ƙara shi nan gaba, domin a wasu siraran kwamfutoci a like yake da jikin injin, yadda kika saya haka za ta mutu.

Siton kuma shi ne ma'ajiya, inda hotuna da takardu da manhajoji ke zama. Iri biyu ne sanannu. Akwai tsohon yayi, HDD, wanda faifai ne ke juyawa a ciki, yana da jinkiri kuma faɗuwa ɗaya na iya lalata shi. Akwai SSD, wanda babu abin da ke motsi a cikinsa, kwamfuta kan buɗe cikin 'yan daƙiƙoƙi. Mai shago zai iya ruɗar ki da cewa wannan 1TB ce, wato kusan 1000GB, waccan kuwa 256GB kacal. Idan babbar HDD ce ƙaramar kuma SSD, ɗauki ƙaramar. Ƙaramin sito a ƙofar kicin ya fi babban rumbu a bayan gari. 256GB ya ishi mai rubutu da karatu, 512GB ya fi dacewa da mai tara bidiyo da hotuna. Akwai kuma wani na uku da ake kira eMMC, mai 32GB ko 64GB, wanda Windows kaɗai ke cinye rabinsa ko fiye. Irin wannan ne ya sa 'yar maƙwabciyata kuka.

Wa za a saya wa wace?

Ɗan sakandare mai koyon buga rubutu da gwajin tambayoyin JAMB: Core i3 ko Ryzen 3, RAM 8GB, SSD 256GB. Kada a kashe kuɗi fiye da haka.

Ɗalibin jami'a mai karanta fannoni irin su shari'a, harsuna, ilimi, kasuwanci ko aikin jinya, da uwargida malama ko ma'aikaciya ko mai lissafin shago da Excel: Core i5 ko Ryzen 5, RAM 8GB zuwa 16GB, SSD 256GB ko 512GB. Wannan za ta kai shi har rubutun kammala digiri, in an kula da ita.

Mai karanta zanen gine-gine ko injiniyanci, da mai haɗa bidiyo: Core i7 ko Ryzen 7, ko i5 ta sabon zubi, RAM 16GB, SSD 512GB, sannan da katin hoto na musamman, wanda galibi na kamfanin NVIDIA ne. Manhajojin zane irin su AutoCAD da Revit suna da ci. A nan kada a yi gaggawa, yaro ya fara zuwa makaranta ya tambayi malamansa da 'yan ajin gaba da shi wace manhaja ake amfani da ita, sannan a saya. Matambayi ba ya ɓata.

Ki kuma lura da wani abu, uwar yara. Idan ɗanki mai karanta tarihi ya dage sai mai katin hoto da fitilu masu launi a madannai, to ba tarihi zai yi da ita ba, wasan gem ne. Irin waɗannan ga tsada, ga nauyi, ga zafi, batirinsu kuma ba ya daɗewa.

Batir, allo da nauyi

A ƙasar da wuta ke zuwa ta tafi ba sallama, batir ba abin wasa ba ne. Kwamfutar da sai an jona ta take aiki ta zama talabijin. Furosesar da lambarta ta ƙare da harafin U an yi ta ne domin tattalin batir, mai ƙarewa da H kuma ƙarfi ne da ita amma tana shan caji. Idan kika samu wadda ake yi wa caji ta kafar USB-C, irin ta wayoyin yanzu, ƙarin alheri ne, domin babban fawa-banki mai ba da wat 45 zuwa 65 zai iya ɗaukar ta, haka ma ƙaramar sola ta gida.

Allo kuma ana auna shi da inci. Mai inci 14 ita ce daidai ga wanda zai riƙa saɓa ta a jaka yana hawa adaidaita sahu, nauyinta bai cika wuce kilo ɗaya da rabi ba. Mai inci 15.6 ta fi daɗin kallo kuma sau da yawa tana da madannan lissafi a gefe, amma takan kai kilo biyu, ta fi dacewa da zaman gida ko shago. Ki nemi allo mai 1920 x 1080, rubutu ya fi fitowa tangaran a kansa fiye da mai 1366 x 768, idon mai dogon karatu zai gode miki.

Ki dubi madannai ma. Idan layin haruffa na sama ya fara da QWERTY, tsarin Ingilishi ne, shi aka saba da shi a Nijeriya da Gana. Idan ya fara da AZERTY na Faransanci ne, wanda 'yan'uwanmu na Nijar da Chadi suka fi sabawa da shi. Mai QWERTZ daga Jamus ta fito. Kowa ya ɗauki wanda makarantarsa ko ofishinsa ke aiki da shi.

Sabuwa ko ta hannu?

Sabuwa dal a kwali tana zuwa da garanti, yawanci na shekara ɗaya, da batirin da ba a taɓa mora ba. Idan da hali ita ce gaba. Amma mu faɗi gaskiya, yawancin gidajenmu ta hannu ake saye, waɗanda ake shigowa da su daga Turai da Amurka, kuma babu abin kunya a ciki. Hasali ma ta hannu mai kyau ta fi sabuwa marar ƙarfi da kuɗinsu ya zo ɗaya.

Idan ta hannu za a saya, a nemi irin waɗanda aka ƙera domin ma'aikatu: HP EliteBook ko ProBook, Dell Latitude, Lenovo ThinkPad. Jikinsu yana da ƙwari, kuma batirinsu da cajarsu da allonsu ba sa wuyar samu wurin masu gyara, ko a titin Beirut da Farm Centre a Kano, ko Banex a Abuja, ko Computer Village a Ikeja. Wannan magana ta kayan gyara ki riƙe ta da kyau, domin kwamfutar da babu kayanta a garinku ranar da ta yi tari ta zama kayan ado.

MacBook ta kamfanin Apple tana da inganci da daɗewar batir, musamman waɗanda suka fito daga 2020 zuwa yau, sai dai ga tsadar saye ga tsadar gyara, ba a ƙara mata RAM, kuma ba kowace manhajar makaranta ke hawa kanta ba. Chromebook kuma tana da araha, amma ba Windows ke cikinta ba, yawancin aikinta da intanet ne. Kada a miƙo miki ita a matsayin laftof ɗin jami'a don an ga farashinta ya yi sauƙi.

A cikin shago

Kada ki yi cinikin biri a sama. Ko hoto aka turo miki ta waya, sai an gani an taɓa kafin a biya. Ki tafi da takardarki, da wanda ya san kan abin in akwai, amma ke ma ki sa ido. Sitikar da aka manna a jiki ba shaida ba ce, ana iya manna kowace iri. A kunna kwamfutar a gabanki, a danna Ctrl da Shift da Esc lokaci guda, wani shafi zai buɗe mai suna Task Manager. A shiga inda aka rubuta Performance. Nan za ki ga cikakken sunan furosesa da lambarta, da yawan RAM, da ko ma'ajiyar SSD ce ko HDD. Gani ya kori ji.

Sai batir. A zare caja, a kunna bidiyo na minti ashirin ko talatin kuna zaune, ki ga kashi nawa ya sauka. Idan wanda ya raka ki ya iya, ya buɗe Command Prompt ya rubuta powercfg /batteryreport. Rahoton zai nuna ƙarfin batirin ranar da aka ƙera shi da abin da ya rage masa yanzu. Idan ya zube zuwa rabi, a rage miki kuɗin sabon batir ko ki nemi wata.

Sannan a buɗe shafin rubutu a danna kowane harafi ɗaya bayan ɗaya. A gwada kyamara da lasifika da makirfo, domin darasi ta intanet. A jona Wi-Fi, a soka filas a kowace kafa. A buɗe farin shafi a duba ko akwai ɗigo ko layi a allo. A buɗe murfin a rufe sau da yawa a ji ko maƙallansa sun yi sako-sako. A tabbatar babu kalmar sirri ta tsohon mai ita ko ta wata ma'aikata da ta kulle ta, musamman MacBook, wadda idan tana ɗaure da asusun wani ba ta da amfani a gare ki. Cajar ma a duba ta asali ce, domin jabun caja na kashe batir.

Daga ƙarshe a rubuta miki rasit mai ɗauke da sunan shago, da samfurin kwamfutar, da lambar jikinta da ke ƙasa, da kwanakin da aka ba ki na gwaji. Wannan takarda ita ce kariyarki idan matsala ta fito, ita ce kuma za ta wanke ɗanki idan wata rana aka ce kayan sata ne. Wanda ya tare ki da kwamfuta a rabin kuɗinta ba rasit ba kwali, ki ce masa Allah ya kawo kasuwa ki wuce. Ban kawo miki farashi a nan ba saboda yana bin canjin dala, na wannan wata daban na wata mai zuwa daban. Ki zaga shago uku da takardarki, ki tambayi abu iri ɗaya, za ki gane tsakiyar kuɗin da kanki. Kuma kada ki ƙarar da kuɗin duka a kanta, ki rage na jaka mai soso, da linzami, da soket mai kare ta daga wutar da ke zuwa da ƙarfi.

Bayan ta shigo gida

Zafi da ƙura su ne manyan abokan gabanta a ƙasarmu. Kada a ɗora ta a kan katifa ko filo ana aiki, domin ƙofofin shan iskarta a ƙasa suke, a samu tebur ko faffaɗan tire. Lokacin hunturu a riƙa rufe ta a jaka in an gama, a kai ta a busa mata ƙura ko sau ɗaya a shekara. Kofin shayi da kunu su yi nesa da ita, haka ma autanki mai son ɓalle madannai. Duk wani rubutu mai muhimmanci a ajiye kwafinsa a filas ko a Google Drive, kada aikin shekara huɗu ya tafi dare ɗaya.

Idan ta yaran gida ce, wurinta falo, inda kowa ke wucewa yana ganin allon. A buɗe wa yara nasu asusun daban da naki, Windows yana da tsarin iyali da ke ba uwa damar ƙayyade awannin da za su yi da shafukan da za su shiga. Ki sa a nuna miki yadda ake yi, ba ya ɗaukar minti goma.

Maƙwabciyata dai ta sayar da waccan da asara, ta sake shiga wani adashin. A karo na biyu da takarda ta je, ta zauna a bencin shago ta sa aka buɗe mata komai ta karanta lambobin da bakinta, har mai shagon yana tambayar ta ko ita ma sana'arta ce. Wadda ta ɗauko ta hannu ce, baƙa, ba ta da wani kyan gani, amma yarinya na aji uku yanzu da ita. Sayen nagari, mayar da kuɗi gida.

Ki yanke wannan shafi ki ajiye a jakarki, ranar sayayya za ki neme shi. Mai tambaya kuma ta aiko, za mu amsa gwargwadon hali. Sai mun haɗu a wata mai zuwa in Allah ya kai mu. A gaida maigida da yara.